Superefe ya mutu, tara na nan

Jiya da hantsi a teburin mai shayi nan Zango, Jauro ya shigo da ƙosai naɗe cikin wata tsohuwar takarda duk mai ya jiƙa ta, ashe shafin littafin doka ne, Allah kaɗai ya san daga wane biro ya faɗo hannun mai ƙosai. Mushe, tsohon malamin lakwal ɗin nan da ko takardar magani ya gani sai ya gyara mata kuskure, ya fizge ya sa tabarau.

Mushe: Kai! Superefe! Wannan ai kakar dokoki ce. Rabon mu da superefe, wato mai mulkin gunduma ƙarƙashin perefe, tun dokar 2002 zamanin Tandja, da aka ce Damagaram ta zama jiha mai gwamna, su Mirya da Magarya da Tanut suka koma hannun perefe.

Jauro: To shi superefen ina aka kai shi?

Mushe: Ba inda aka kai shi, kujerar ce aka sake ma suna.

Jauro: Alhamdu lillahi! Mushe Allah shi biya ka. Shanuna sun shiga gonar wani wajen Mirya an yanka mani tara jika talatin, to tunda mai karɓa ya mutu ai shikenan, in je in yi ma iyalinshi gaisuwa in wuce ruga.

Mai shayi: Ka ji Bafillace, bai iya karatu ba amma da aka zo wajen kuɗi ya zama lauya.

Jauro: Babarbare yi shiru ka dama madara, da masu ilimi nake.

Mushe: Jauro ai saboda irinku ne masu dokoki ke zama su yi shara. Su ɗauko tsohuwar doka su bi ta aya aya, inda aka ce superefe su sa perefe, inda ta ce a duba aya ta kaza alhali ayar an soke ta tuntuni su gyara lambar, inda aka ambaci ma'aikatar da ta sake suna sau uku su sa na yanzu. Ba sabon hukunci ba ne fa, wanki ne da guga. Dokar hukunta laifi ma 1961 aka rubuta ta zamanin Diori, sai 2003 aka yi mata babbar kwaskwarima, ka ga ko riga ce ai ta buƙaci ɗinki.

Jauro: Wato mutum ya sa babbar riga, a ba shi mota da esansi, ya je Yamai ya goge kalma guda ya dawo?

Mushe: Kalma guda ke sa alƙali ya ɗage shari'a wata shida.

Jauro: To su goge "tara" mana su sa "haƙuri".

Mushe: Wannan ba shara ba ce, rushe gida ne.

Mai shayi: Ni sefa ta fi ba ni dariya, an ce ma'anar sunan ma an canza.

Mushe: Ƙwarai, 1945 sunanta kuɗin ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka, daga baya aka sake fassarar, haruffan uku ko gezau.

Jauro: Kuma ba ta ƙara auki ba.

Nan fa mai shayi ya jawo kayen bashi daga ƙarƙashin gwangwanin sukari, dama tun ɗazu yake jiran hanya.

Mai shayi: Mushe tunda ana maganar tsoffin takardu, jika huɗu da dala arba'in, tun kafin azumi.

Mushe: Wa aka rubuta nan?

Mai shayi: Mushe.

Mushe: To ka gani. Ni na yi ritaya, bara kuma na sauke farali, Alhaji nake. Nemi Mushe ya biya ka.

Jauro: Su tafi tare da superefe!

Mai shayi bai ce uffan ba, ya ciro bik daga bayan kunne ya lashi bakinshi, ya ja layi kan Mushe ya rubuta Alhaji a sama.

Mai shayi: Na yi shara. Lambar ban taɓa ta ba, Alaji duba da kyau.

Mushe: Ai kai ba majalisa ba ne!

Mai shayi: Da shayin yau jika huɗu da dala sittin. Jauro kai kuma wane suna zan sa?