Kamasho kaɗai ba ya riƙe mai nemo ciniki

Masu ƙananan kamfanonin shara da goge-goge da yawa na ganin kamasho kaɗai ya ishi wanda zai riƙa nemo musu aiki, tunda sai ya kawo ciniki za a biya shi. Ba haka abin yake ba. Kafin manajan wata ma'aikata ya yarda ya ba ka aikin shara ya miƙa maka makullan ofis, sai an sha zirga-zirga, wani lokaci a kwashe watanni. Wa zai biya kuɗin adaidaita da katin waya kafin nan? Ko dai yaron ya gudu, ko ya riƙa karya farashi har aikin ya kasa fitar da kuɗin omo da tsintsiya, balle haƙƙin masu shara. Ka yanka masa ɗan albashi, kamashon kuma ya jira sai kuɗin kwastoma ya shigo.