Masu PS ku bar mu da gem ɗinmu na ƙaramar waya

Akwai wani raini da masu buga PS, wato PlayStation, na'urar gem da ake haɗawa da talabijin, suke yi mana mu 'yan gem ɗin waya, kuma gaskiya ya fara isata. Da an ga ka karkata waya kana dannawa sai ka ji an ce wai wannan ai wasan yara ne, in gem kake so ka zo gidan gem a ba ka fad, abin dannawar nan na PS. To malam naji, PS5 ta haɗu, babu mai musun wannan. Amma lokacin da ta fito a 2020 dala 499 aka sa mata, sabon gem ɗaya kuma yana kai dala 70, ka buga wannan lissafin da canjin yanzu ka gani, sannan ga talabijin, ga wuta wadda sai an ga dama a kawo, in ba haka ba ka sayi man janareto. Mutum nawa ne a layinku za su iya wannan hidimar saboda wasa kawai? Ni a wurina gem mai kyau shi ne wanda zai tashi a wayar da take aljihuna, bai cinye min data ba, kuma gobe in ji ina son in sake komawa kansa. Sauran duk ado ne.

Mu da muka taso lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001 mun san daga inda aka faro. Macijin Nokia. Layi ne kawai baƙi yana yawo a kan ɗan sikirin, kana juya shi da 2 da 4 da 6 da 8, yana ci yana ƙara tsawo har ya zo ya ciji jelarsa. In ka duba tsohuwar 3310 ko ƙaramar Nokia mai tocila ta gidan da akwai yara za ka ga lambobin nan huɗu sun goge, sauran suna nan fes. Ba kala, ba labari, ba komai, amma mutum sai ya kwana yana neman ya wuce makin da yayansa ya bari. Daga nan aka shiga zamanin Java, ana sauke gem ɗin ƙwallo Real Football a shafin Waptrick ana tura wa juna ta bulutut. Duk wanda ya yi wannan zamanin ba zai ce min sai hoto ya yi kamar fim sannan wasa yake daɗi ba.

Ku dubi Free Fire da PUBG mana, nan ne maganata take fitowa fili. PUBG ta waya ta fito a 2018, mutum 100 ake zubawa a tsibiri, wasa ɗaya sai ya ci kusan rabin awa, hoto kam ba a magana. Amma ka ɗora ta a kan itel ko tsohuwar Tecno mai RAM 2, wayar za ta yi zafi kamar dutsen guga, ta dinga maƙalewa, kafin hoton ya motsa an riga an harbe ka an kwashe kayanka. Su kuwa Garena na Singafo da suka fitar da Free Fire a ƙarshen 2017 sai suka rage komai da gangan, mutum 50, wasa kamar minti 10, hoto daidai wa daida. Sun san wayoyin da suke hannun matasa a Indonesiya da Barazil da Indiya, kuma irinsu ne a hannunmu. A 2019 ita ce gem ɗin waya da aka fi saukewa a duniya. Wasu suna ganin wannan ragewar kasawa ce, ni kuwa a nan nake ganin gwanintar, don yin abin da zai yi gudu a waya mai rauni ya fi wuya a kan ka cika shi da kyale-kyale ka ce wanda bai da babbar waya ya je ya nemo. Kuma minti 10 ɗin nan ita ce daidai rayuwarmu, kana jiran adaidaita ta cika, ko kana shago babu kwastoma, ka shiga ka fito.

Wanda na fi ƙauna dai har yanzu gem ɗin ƙwallon nan ne, Dream League. Wani kamfani ne na Ingila, First Touch Games, yake yin sa, kuma abin da ya kama ni da shi tun farko shi ne da ƙungiya maras galihu ake ba ka, kai za ka raine ta. Ka fara daga ƙasa da 'yan wasan da gudu ma yana ba su wuya, kana tara kuɗin wasa kaɗan-kaɗan, ka sayi ɗan gaba ɗaya mai kyau, ka faɗaɗa fili don a bar ka ka hau rukuni na gaba. Tawa ƙungiyar kore da rawaya na sa mata irin na Pillars, sai masu gida, kuma in na zura ƙwallo a minti na ƙarshe wallahi ihun da nake yi ba ya bambanta da na gidan kallo. Na san 'yan eFootball za su zo su ce nasu ya fi kama da ƙwallo ta gaske. Haka ne, ban musa ba. Amma nauyinsa fa? Kullum afdet, kullum sai da sabis mai ƙarfi, ranar da netwok ya yi tsiya sai dai ka zauna kana kallon abu yana juyawa.

Ludo King kuwa ba sai na daɗe a kansa ba, kowa ya san shi. Daga Indiya ya fito a 2016, lokacin kullen korona a 2020 ya shiga ko'ina. Waya ɗaya a tsakiyar tabarma, mutum huɗu, ba data ba komai, kuma dole sai an samu wanda zai rantse cewa wayar tana son kai tunda shi shida ta ƙi fito masa. Iyaye mata ma da suke mana faɗan danna waya yanzu wasu da su ake yi.

To amma kar a ɗauka komai nake yabo. Kalmar kyauta da ake rubutawa a Play Store akwai ƙura a bayanta. Candy Crush rai biyar take ba ka, in sun ƙare ka jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya. Su kan bar ka ka yi ta wucewa cikin sauƙi har ka saba, sai su kawo ka wani mataki da za ka rasa da motsi ɗaya tak, nan take a nuna maka ƙarin motsi na sayarwa. Ba a banza Activision ta sayi kamfanin King mai wannan gem ɗin kan dala biliyan 5.9 a 2016 ba, daga irin wannan guntun-guntun kuɗin aka tara. Haka daimon ɗin Free Fire, kuɗin cikin gem da ake saya da kuɗin gaske, yaro ya ƙi cin abincin rana a makaranta don ya saya wa ɗan cikin waya riga, alhali rigar ba ita take harbi ba. Ni a nan nake tsayawa, zan buga har batir ya mutu amma ba na sayen riga. Ƙananan gem masu tallar nan kuwa da suke tare ka da bidiyon daƙiƙa 30 duk bayan ka faɗi, yawancinsu maganinsu ɗaya, kashe data kafin ka buɗe. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 ai babu mai datar da zai zubar a kallon tallar abin da ba zai saya ba.

Abu biyu kuma da nake roƙon 'yan uwa. Wannan mod ɗin, wato gem da wani ya yi wa kwaskwarima, da ake turawa a Telegram wai kuɗi ba iyaka, ka tuna a wayar nan manhajar bankinka take, kuma ba ka san wanda ya buɗe fayil ɗin ya ƙara masa abin da ya ƙara ba. Na biyu, jirgin nan da yake tashi kana sa kuɗi kana jiran ka cire kafin ya ɓace, don Allah a daina kiran sa gem. Caca ce, sunanta kenan, kuma ita take ja mana zagi a wurin manya har suke haɗa mu duka a kwando ɗaya.

Abin da yake min ciwo shi ne har yau ban da gem ɗin da zan buɗe in ji ana min magana da Hausa in ji daɗinsa. Flappy Bird da ta rikita duniya mutum ɗaya ne ya haɗa ta a Biyetnam, Dong Nguyen, ɗan tsuntsu ne kawai yana bi ta tsakanin bututu, har shi da kansa ya cire ta a 2014 don ya ga mutane sun kamu da yawa. A Legas ma Maliyo Games sun mayar da kartar Whot cikin waya. To mu ina dara? Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka cire na abokin wasa, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da dattawa suna bugawa a gindin bishiya ya san akwai lissafi a cikinta mai zurfi. Ga matasanmu masu koyon haɗa manhaja a Kano da Kaduna da Zariya, ku yi mana ita mara nauyi, a sa mata muryar tsoho mai tsokana yana maka dariya in ka yi kuskure, ni dai zan biya in farashin bai wuce na katin waya ba.

Kafin nan wanda ya san wani gem mai daɗi ya faɗa min sunansa, amma da sharaɗi: kar ya wuce MB 100, ya yi aiki ba data, kuma ya tashi a RAM 2. Masu iPhone ku yi haƙuri, yau ba da ku ake ba.