Garantin Baka

Wai wannan injin yankan itace aiki na saye shi ya yi, ko motsa jiki? Na ja igiya sau 30, kafaɗa kamar za ta cire, ya yi tari sau biyu, ɗif! Na sake buji, na wanke kabureta, na murɗa sukurorin daidaita mai na kabureta, L da H, har na manta inda na faro. Na kinkime shi a kabu-kabu tun daga unguwar Birni, mai shago ko kallonsa bai yi ba: "Alhaji, ka sa masa man bakin hanya." Jiya da na koma kuma ya ce ƙura ce, wai garanti bai shafi ƙura ba. A Damagaram? Cikin firiji zan yi yankan? Maƙwabcina da gatari har ya gama darbejiyarsa, yana shan shayi yana mini sannu.