Yadda na zuba fayafayan Hajiya a cikin akwati mai fanka

Duk wanda ya san tsofaffinmu na nan Jidda ya san ba a raba su da faifan CD. Namu a gida kwali huɗu ne, irin kwalin dabino, kuma yawanci tsarabar alhazai ce, don a da duk wanda zai taso daga Kano sai Hajiya, mahaifiyata, ta aika masa ya biya Ƙofar Wambai ya haɗo mata sababbin fina-finai, ga na Indiya masu fassara, ga tafsiri, ga bidiyon bikin dangi tun na waɗanda yanzu jikoki gare su. Toh zafin Jidda da danshin teku ba sa ɗaga wa faifai ƙafa, yara kuma sun mayar da wasu madubi, rabi duk sun karce.

Ɗan yayata mai karatun kwamfuta shi ya ɗora ni a keken ɓera. Wai Kawu ai yanzu an wuce nan, NAS za ka saya, wani ɗan akwati ne da ake zura wa hadis, wato hard disk, ma'ajiyar kwamfuta, a jona shi da rauta ta intanet, ka kwafe komai ciki, talabijin ta jawo ta netwok, Hajiya tana kishingiɗe da rimot sai dai ta zaɓa. Yadda ya faɗe shi kamar aikin bayan la'asar.

Na je shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid na sayi mai ɗaki biyu da hadis biyu, kowanne 4TB. Lissafi na firamare ya ce takwas. Na dawo na kunna, abu ya nuna min 3.6. Wallahi ko takalmi ban gama sawa ba na koma shagon ina ya sadik ina sauran kayana, mutumin ya bar ni na gama kumfar baki tas sannan ya ce da Larabci mafi mushkila, wato ba matsala, zauna. Ashe akwatin madubi yake yi, duk abin da ya rubuta a hadis ɗaya sai ya maimaita a ɗayan saboda ranar da guda zai mutu, RAID 1 suke ce masa, rabi ya tafi kenan. Sauran kuma masu ƙera hadis da 1000 suke ƙirga, kwamfuta da 1024, shi ya sa huɗu ke komawa uku da ɗigo shida. Na ce toh, ko ba komai an cuce ni da ilimi.

Sai kwafa. Laftof ɗina ba shi da wajen sa faifai, na zamani ne, sai da na ƙara sayen na USB. DVD ɗaya 4.7GB yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5GB, kuma manhajar MakeMKV na kwashe shi lafiya lau cikin kamar rabin awa in faifan na da lafiya. In ba shi da lafiya fa, zai tafi sumul har 97% sannan ya fara wani ƙugi yana kakari, ka zauna kana masa addu'a kamar mai naƙuda. Wani a wajen aiki ya ce in goga makilin a wajen karcewar, na goga, faifan dai bai warke ba amma falo ya yi ƙamshin na'ana'a.

Tsofaffin VCD su ne suka kusa zautar da ni. Faifan bai wuce 700MB ba, minti tamanin ya cika, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa faifai biyu ko uku, kuma ko wanne ka buɗe sunan fayil ɗin ɗaya ne, AVSEQ01.DAT. Fim na soyayya AVSEQ01, tafsiri AVSEQ01, kamun amarya AVSEQ01. Kwamfuta ta dinga tambayata da Turanci ko a maye gurbi, ni kuma dare ya yi ina gyangyaɗi ina danna eh. Da safe na duba aikin mako guda na tarar da fayil ƙwaya ɗaya tal, shi ma kashi na biyu ne na wani fim da ba mu da na ɗayansa.

An dai sake daga farko, wannan karon ina sa wa kowanne suna. Waifai kuma ya ce bai san zance ba, bangon gidajen nan kankare ne zalla, rauta na ɗaki talabijin na falo, daidai inda uban yarinya zai buɗe baki ya faɗi wanda ya zaɓa mata sai zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar fuskarsa. Dole na ja waya ta bi ta koridor, uwargida na kallona ba ta ce komai ba, wanda ya fi ta yi magana ciwo.

Ranar Juma'a na gayyaci surukaina cin abinci don a ga fasaha. Abin da yaron nan bai gaya min ba, manhajar da ke jera fina-finan tana shiga intanet da kanta ta nemo wa kowane fim hoton bango, kuma ba ta san finafinan Hausa ba, ba ta kuma iya cewa ban sani ba, duk sunan da ya yi kama da wani sai ta manna. Na kunna gaban Baba, surukina, mutumin da ko labarai sai ya rage murya in mace ce ke karantawa. Bidiyon bikinmu ya fito da hoton wata baturiya da jini a baki tana riƙe da gatari. Tafsirin azumi kuma wani ƙato ba riga da bindiga a kafaɗa, wuta na ci a bayansa. Baba ya gyara gilashi ya matso ya ce, "Wannan wane malami ne?" Na ce Baba ai kuskuren na'ura ne. Ya ce, "To ita wannan mai gatarin, ɓangaren ango take ko na amarya?" Uwargida ta tashi wai za ta duba shayi, ina jin dariyarta har daga kicin.

Hajiya kuwa duk wannan bai dame ta ba, ita dai a sa mata fim ɗinta. Na ce wanne, Hajiya? Ta ce mai jan bango ɗin nan da aka ɗaure da kyauro, wanda gefensa ya ɗan fashe. Ba ta taɓa riƙe sunan fim ko ɗaya ba, da kamanni ta san su, wancan mai maka shuɗiya, wancan na cikin ledar burodi. Haka na zazzage kwalayen nan na bi faifai ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukarsa hoto da waya ina mannawa a matsayin bango. Yanzu in ka kunna talabijin ɗinmu mai inci 55 abin da za ka gani layi-layi na tsofaffin fayafayai ne a kan dardumar falo, wani ma har da babban yatsana a gefe. Tana zaɓa da kanta kuwa, in ya ɗan tsaya sai ta hura wa rimot iska ta goge shi da gefen mayafi, kuma abin haushi sai ya ci gaba.

Matsalar ita ce ta ba ƙawayenta na Shara Mansur da ke Makka labari a waya, wai ɗanta na zuba faifai a talabijin kyauta. Ɗazu wani direban da ke jigilar Makka zuwa Jidda ya kira ni, ya ce in fito bakin titi da wanda zai kama min, an ba shi saƙona, Ghana-mas-go biyu ne kuma ɗaya zif ɗinta ya ɓalle.