Masu cewa 'yan gudun hijira ba sa buƙatar Turanci, ina 'ya'yanku suke karatu?

Tun da wasu ɗalibai da matasan malamai suka fara zama da 'yan gudun hijira bayan la'asar a wata firamare cikin birnin Katsina, suna koya musu Turanci kyauta, kunnena bai huta ba. A zaurukan WhatsApp da majalisun bakin titi magana ɗaya ake nanatawa: wai wanda ya kwana da yunwa me zai yi da Turanci? Wani har cewa ya yi a kai musu masara, a ƙyale su da boko.

Na je ajin da ƙafata. Allon ya tsage ta gefe, guntayen alli cikin gwangwanin madara, mata zaune a kan tabarma saboda bencin yara ya yi musu kaɗan. Wata dattijuwa da 'yan bindiga suka koro daga wani ƙauye ta wajen Batsari ta kwance bakin zanenta, ta ciro katin asibiti a ninke, ta miƙa wa yarinyar da ke koyarwa. "Ɗiyata, mi aka rubuta nan?" Ranar da za ta mayar da jikanta wurin likita ce, kuma ta wuce da mako guda. Wannan baiwar Allah tana karanta ajami tiryan-tiryan, ta yi makarantar allo tun tana budurwa. Ba jahila ba ce. Ƙasarta ce ke yi mata magana da harshen da ba a taɓa koya mata ba.

Babu mai musun yunwa. Amma masarar da ake ta ambata ma ai da takarda ake rabon ta. Fom ɗin rajista da Turanci yake, saƙon banki da Turanci yake shigowa waya, takardar kotu haka. Wanda bai iya karantawa ba dole ya tsaya bayan wanda ya iya, kuma mun san sau nawa mai cike fom ɗin yake yanke nasa kason kafin buhu ya isa hannun marainiya. Duk wanda ya hana mutum sanin abin da ya dangwala wa yatsa, ya taimaki mai cin haƙƙinsa, ko da niyya ko babu.

Sannan ana magana kamar mutanen nan baƙin mako guda ne. Tun wajen 2019 ake kwararowa daga Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Faskari. Yaron da ya bar gida yana ɗan aji biyu yanzu ya kai shekarun karatun sakandare. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, an rufe makarantu, wasu yaran ba su sake komawa aji ba. To babu jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi ba tare da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, kuma a JAMB darasin Turanci wajibi ne ga kowa. Dubban da suka tsallaka jihar Maraɗi kuwa, 'ya'yansu da suka samu aji da Faransanci suka fara, idan sun dawo sai sabon lale. Ita kanta Nijar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta ajiye Turanci cikin harsunan aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne su waye masu sukar. Na san da yawansu. 'Ya'yansu suna makarantun kuɗi, ana biyan malamin lesin ya zo gida da yamma, kuma idan yaro ya kawo sakamako darasin Turanci uban yake fara dubawa. Abin da suke sayen wa nasu da tsada, shi suke cewa ɗan manomin Safana ba ya buƙata ko a kyauta. Wannan ba tausayi ba ne, raini ne. Kuma abin kunya ne a faɗe shi a garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka koyi harshen da suka yi jayayya da Turawa da shi.

Akwai kuma masu cewa a jefa yaro cikin Turanci zalla tun daga aji ɗaya, waɗanda suka yi murna da soke manufar koyarwa da harshen uwa a Nuwamban 2025. Da alama ba su taɓa tsayawa gaban yaron da bai san "a" ba. Matasan nan masu koyarwa kyauta da Hausa suke farawa, da ita suke bayani, kuma shi ya sa matan ke dawowa.

Katsina ba ta rasa masu koyarwa ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga 'yan bautar ƙasa da ake ware wa ranar hidimar al'umma kowane mako. Hukumar ilimin manya ta jiha tana iya haɗa su da unguwannin da baƙin suka fi yawa, shugabannin makarantu su bar ajujuwa a buɗe bayan an tashi. Da na tambayi yarinyar nan me suke nema, ba ta ambaci albashi ba. Kwalin alli ta ce, da littattafan rubutu, da wanda zai riƙe wa matan jarirai na awa ɗaya.