Ledar da ka jefar ce ta biyo ka har ɗaki

To, an yi ruwa, kwata ta cika ta tumbatsa, kowa ya zaro waya yana ɗora hoton tsakar gidansa yana tsine wa gwamnati. Sannunku da ƙoƙari. Amma da samarin layi suka sa shebur suka yashe kwalbatin, gwamna suka tono a ciki? Baƙar leda ce da ledar fiya wata, tuli guda. Mu muka zuba.

Ka ɗan tsaya gaban mai kayan miya a Yankaba ko kasuwar Rimi ka sha kallo. Tumatir ledarsa daban, attaruhu daban, albasa daban, a kawo babba a haɗa su, mai saye kuma ya ce "ruɓanya min kada ta fashe." Miyar dare ɗaya, leda biyar, kuma kafin la'asar iska ta yi gaba da su.

Ka ce a riƙa fita da jaka, sai wani ya ce talauci. Wane talauci? Buhun shinkafar da ya ƙare, kai wa tela ya yanka ya sa masa hannu, ka ga ko ba zai shekara yana maka cefane ba. Iyayenmu da kwando da ƙwarya suka ci kasuwa, ba su rasa komai ba. Wani kuma wai shi magidanci ne, ba zai rataya bakko kamar ɗan aike ba. Alhaji, girman da jaka za ta zubar ai ya riga ya zube tun daren da ka naɗe wando kana kwalfe ruwa da bokiti.

Sai masu jiran doka. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017 har da barazanar ɗaurin shekara 4. Nijar ma ta yi tata dokar a 2014, amma je ka Maraɗi ka ga yadda leda ta yi wa ƙayoyi ado. Doka ba za ta riƙo maka jaka daga gida ba, hannunka ne zai ɗauko.

Wallahi abin da ke ci min rai dabbobi ne. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuya: dunƙulen leda da ta yi tauri. Akuyar da wata baiwar Allah ke kiwo don kayan ɗakin 'yarta, ta rame ta mutu, a ce wai ciwo ne.

Ku kuma masu ƙulla tuwo da zafinsa a leda, Hajiya ina kwanukan da aka jere miki? Jiya har koko na ga yaro ya riƙo a leda yana tsotsa ta gefe, yana sauya hannu saboda zafi.