Tukunyar shinkafa ta yen 100,000 da hannun matanmu

Wani abokin aikina ɗan Japan ya kawo mini ziyara tare da matarsa a gidan da nake haya a birnin Nagoya na Japan, na dafa musu shinkafa da miya a tukunyar ƙarfe a kan gas kamar yadda muka saba. Sun ci sun yaba, amma da matar ta leƙa kicin ba ta ga na'urar dafa shinkafa ba, sai ta tambayi mijinta cikin harshensu, tana zaton ba na ji, ko albashina ne bai isa ba. Maganar ta sosa mini rai, domin a idonta gidan da babu wannan na'ura bai gama zama gida ba.

Ban ga laifinta sosai ba, saboda a cikin wannan al'ada ta tashi. Tun da kamfanin Toshiba ya fitar da tukunyar lantarki mai kashe kanta a 1955, matan ƙasar suka huta da tashin asuba don hura murhun da suke kira kamado. Yanzu uwargida takan auna shinkafa da ɗan kofi mai cin mililita 180, ta wanke, ta zuba ruwa daidai layin da aka zana a jikin tukunyar, ta saita lokaci ta kwanta. Da gari ya waye na'urar ta yi ɗan kiɗa, shinkafa ta nuna, kuma za ta riƙe ɗuminta har dare. Daga ciki ake ɗibar na karin kumallo da na kwanon makarantar yara. A manyan shagunan kayan lantarki akwai jeri guda na tukwanen kamfanonin Zojirushi da Tiger da Panasonic, daga ta ƙasa da yen (kuɗin Japan) 10,000 zuwa wadda ta haura 100,000, masu tsadar suna dafawa da maganaɗisu da matsin tururi, kuma wasu har maɓallin irin shinkafa gare su, kamar Koshihikari. Mutanen nan ba sa wasa da shinkafa: a 2025, lokacin da kilo 5 ya haura yen 4,000, ministan noma Taku Eto ya yi murabus bayan ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba.

Sai dai duk wannan fasaha, abin da take fitarwa a yawancin ranaku fara ce, ba gishiri ba mai, kuma gwanintar tana wurin na'urar, mai gida danna maɓalli kawai take yi. Cikin matasan da nake aiki da su, kaɗan ne za su iya dafa shinkafa a tukunya ba ta caɓe ba. Ni kuwa na tashi ina ganin mace ɗaya tana dafa shinkafar suna a kan itace, ba kofi ba layi, ta ji ƙamshi ta san ruwa ya tsotse, ta janye itacen ta bar garwashi ya ƙarasa. Na san hayaƙi yana cin idanu, na kuma san wannan aiki yana cinye wa matanmu yini, amma ban yarda cewa wadda ta iya shi ita ce abar tausayi ba. Kuma da wace wuta za ta dogara? Na'urar da ake saitawa da dare tana buƙatar lantarkin da ba ya ɗaukewa, ga shi na Japan bolt 100 ne, namu 230, don haka wanda ya aika wa mahaifiyarsa irin wadda aka yi don amfani a Japan ba tare da taransifoma ba, ƙonewa za ta yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, wadda ta dace da tuwo ƙwarai, amma ba su san tuwo ba, kuma tukunyar tasu mai tsada tana da shafe a ciki wanda muciya za ta kankare. Ƙanzo ma sai a wasu na'urorin, idan an danna masa maɓalli na musamman, kuma ko shi bai kai a jiƙa shi da safe ba. Saboda haka har yanzu a tukunyar ƙarfe nake tuƙa tuwona, da kukar da ake aiko mini daga Kano.